Waya ta mutu murus, oga ba ya nan: in hura mata wuta ko in dakata?

Yaron Shago: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure na masu gyaran waya. Taimako nake nema. Oga ya tafi Kano saro kaya tun da asuba, ya bar ni ni kaɗai a shago a nan PZ, Zariya. Wata Hajiya ta kawo waya, Android ce mai batir a manne ciki. Ta ce jiya da dare ta sa ta a caji lafiya lau, da ta tashi sallar asuba ta tarar ta mutu murus. Ba haske, ba girgiza, ko alamar caji ba ta nunawa. Na gwada caja uku, na danne maɓallin kunnawa har yatsana ya gaji. Ta ce hotunan bikin 'yarta da lissafin bashin masu karɓar atamfa a wajenta duk suna ciki, ba ta da su a wani wuri. Zuciyata tana raya min in buɗe in ɗan hura wa aisin fawa, wato ɗan ƙwayar da ke rarraba wuta a injin waya, iska mai zafi yadda nake gani ana yi. Me kuka ce?

Ɗan Kwangila: Wa alaikumus salam. Buɗe wayan, ka wanke injin da sipirit, ka shafa fes, man liƙin dalma, ka zagaya bulowa, na'uran hura iska mai zafi, a kan aisin fawa kaɗan. Da yawa suna tashi. Mu kullum haka muke yi a nan.

Anti Mai Gyara: Ƙanena, kashe bulowar nan ka mayar da ita mazauninta. Ba ka ma san me ke damun wayar ba, ta yaya za ka fara da magani? Ka buɗe, amma a tsanake. Fara zare tiren sim, don mutane da yawa a nan suke karya firem. Ka ɗumama murfin baya, ɗumi kawai, kamar digiri 70 zuwa 80, yadda gam zai saki. Kada ka zura ƙarfe ciki, ka yi amfani da katin roba. In wayar tana da wajen ɗora yatsa a baya, akwai siririn fileks, wato ɗan zirin da ke ɗauke da layukan wuta, a manne da murfin, in ka fizga ya tsinke. Notukan kuma ka jera su a kan takarda yadda ka same su a jikin wayar, na sama a sama, na ƙasa a ƙasa, domin ba tsayinsu ɗaya ba. Da ka ɗaga murfin injin, abu na farko ka cire kan batir, da farce ko da roba. Sannan ka dawo ka faɗa mana me ka gani.

Bakano: Ɗan Kwangila, "wayan" kuma? Waya mace ce, Malam. Ku Zage-zagi ku fara gyara Hausa kafin ku gyara waya.

Ɗan Kwangila: Ai duk karatun da kuke taƙama da shi a nan Zariya kuka zo kuka yi. Ka bari yaro ya yi aiki.

Yaron Shago: Na buɗe, Anti. Fileks bai tsinke ba, alhamdu lillahi. Batirin bai kumbura ba. Na sa mita a kan batir, tana nuna 0.00.

Ɗan Kwangila: To shi ke nan, batir ne. Sa sabo ka karɓi kuɗinka.

Injiniyan Samaru: Dakata tukuna. Batirin waya mai lafiya yana zama tsakanin bolt 3.5 da 4.2, na zamani ma suna cika har 4.35 ko 4.4. In ka ga sifili cif, sau da yawa ba ƙwayar batirin ce ta mutu ba. A bakin kowane batir akwai wani ɗan ƙaramin fanel mai gadi, aikinsa ya datse wuta in an zuƙe batirin fiye da kima ko in wuta ta haɗe a gaba. Sifilin da kake gani yana iya zama mai gadin ne ya rufe ƙofa. Tambayar ita ce, me ya sa ya rufe? Wayar da ta kwana a caji ba ta wayi gari da batir a sifili haka kawai ba, ruwa ba ya tsami banza. In ka sa sabon batir alhali akwai shot, wato haɗewar wuta, a injin, shi ma zuƙe shi za ta yi, ko ya yi zafi a hannun mai ita.

Kuna da fawa saflai, na'urar da ke ba waya wuta a madadin batir, a shagon?

Yaron Shago: Akwai, Yallabai. Oga yana amfani da ita wajen tayar da batir. Ni ban taɓa taɓa ta ba.

Injiniyan Samaru: Yau za ka taɓa. Ka saita ta a bolt 4.0, in tana da wajen ƙayyade ƙarfin wuta ka tsayar da shi a amfiya 1. Ka bar batir a cire. Jan igiyar a kan fosit (+) na mazaunin batir, baƙi a kan negetif, ka tabbatar ba ka juya su ba. Kada ka danna maɓallin kunnawa. Ka zuba wa allon amfiya ido kawai. Waya mai lafiya, in ba a kunna ta ba, ba ta shan komai, sifili za ka gani. In ta fara sha tun ba ka ce mata uffan ba, to akwai inda wuta ke zurarewa.

Yaron Shago: Innalillahi. Ina ɗorawa ta haura har amfiya 1, bolt ɗin kuma ya faɗo ƙasa sosai, na'urar ta fara ƙara. Na cire da sauri.

Injiniyan Samaru: Ka yi daidai da ka cire. Ga cutar nan ta nuna kanta: shot ne a babban layin wuta. Ba batir ba ne, kuma ba maganar filashin ba ce, wato sake zuba wa waya manhaja.

Baban Gyara: Salamu alaikum. Yanzu na idar da azahar na ga abin da ake ciki. Ɗana, ka gode wa Allah da ka tambaya. Ni tun zamanin rediyo da talabijin nake wannan sana'a a Tudun Wada, kafin GSM ta shigo ƙasar nan a 2001. Ɗabi'ar hura wuta da kuke gani ba daga sama ta faɗo ba. Lokacin su Nokia 3310, injin waya fili ne kamar tsakar gida, kayan a warwatse, manya-manya, dalmar kuma mai saurin narkewa ce. Waya ta faɗi, ƙafar aisi ta saki, ka ɗan ɗumama ta koma ta zauna. Mun ci abinci da wannan dabarar shekaru, ba zan yi mata butulci ba. Amma wayar yau ba ita ba ce. Komai a cunkushe yake kamar kasuwar Sabon Gari ana gobe salla. Ka nufi mutum ɗaya da wuta, goma za ka ƙona.

Ɗan Kwangila: Baba, da girmanka, amma har yau yana aiki. Makon jiya na tayar da biyu da bulowa.

Anti Mai Gyara: Nawa ne kuma suka mutu a hannunka, ka ce wa masu su "injin ne ya tafi"? Waɗannan ba a kawo labarinsu zaure.

Injiniyan Samaru: Bari in faɗi dalilin da lamba, don kada a ce ra'ayi ne. Tsohuwar dalma, mai kashi 63 na kuza da 37 na darma, tana narkewa a digiri 183. Tun 2006 da dokar Tarayyar Turai ta hana darma a kayan lantarki, kamfanoni suka koma wadda ba ta narkewa sai wajen digiri 217. Kafin zafin bulowa ya ratsa aisi ya kai ƙafafunsa wannan matakin, kai kana hura iska mai digiri 350 ko fiye. Aisin fawa kuwa yawanci maƙwabcin ƙwaƙwalwar wayar ne da ma'ajiyarta, wani lokacin ma suna bayansa a ɗaya fuskar fanel ɗin. Ƙarƙashinsu akwai ɗaruruwan ƙwallayen dalma ƙanana, a wasu wayoyin an zuba musu baƙin gam. Zafi ya yi yawa, dalma ta narke a cikin gam ba ta da wajen zuwa, sai ta matso ta haɗe da 'yar'uwarta. Daga nan magana ta ƙare.

Ga kuma abin da ya shafi Hajiya kai tsaye. Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama, wato daga 2019, abin da ke cikin ma'ajiyarsu a kulle yake, kuma mabuɗin yana ɗaure da ƙwaƙwalwar wayar da lambar sirrin mai ita. Ba kamar dā ba ne da za ka ciro ma'ajiya ka karanta a wata na'ura. In ƙwaƙwalwar ta ƙone, hotunan biki sun tafi, ko da ma'ajiyar lafiyarta ƙalau. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ɗan Kwangila: Injiniya, na ji, kuma ban ce ƙarya kake ba. Amma ku fahimce ni. Kai kana Samaru, masu kawo maka waya malaman jami'a ne da ɗalibai, za su iya bar maka ita kwana uku. Ni ina bakin gada. Direba ne zai tsaya, mota cike da fasinja zuwa Funtuwa ko Kano, ya ce minti ashirin gare shi. Wani ɗan acaɓa ne, wayan gaba ɗaya bai kai kuɗin mita mai kyau ba. In na zauna ina bin layi awa uku, wa zai biya ni awa ukun? In na ce ya kawo kuɗin dubawa, ya tsallaka wajen na kusa da ni. Kowa da irin kasuwansa.

Bakano: Nan kam Bazazzage ya faɗi gaskiya, duk da ba na son yarda. A Farm Centre ma haka ne, wanda ya fi sauri shi ke cin kasuwa. Sai dai a can an raba aikin: akwai masu canza sikirin da bakin caji, akwai masu aikin inji zalla, su ba sa ma hulɗa da kwastoma, mu ne muke kai musu. Abin da ba ka iya ba ka miƙa gaba, ka ɗora ɗan naka a kai.

Anti Mai Gyara: Ni ban ƙi uzurinka ba, Malam. Abin da na ƙi shi ne a yi caca da kayan mutum bai sani ba. In za ka hura, ka ce masa, "Malam, zan gwada wani abu, tana iya tashi, tana iya mutuwa har abada da duk abin da ke ciki, ka yarda?" In ya ce ya yarda, bismilla. Kuma aunawar nan da kake cewa awa uku, sa fawa saflai minti ɗaya ne. A minti ɗayan nan yaron nan ya gane ba batir ba ne. Da ya bi taka, da yanzu ya ɓare sabon batir daga leda a banza, oga ya dawo ya cire a kuɗin abincinsa.

Ni a Kongo ina karɓar kuɗin dubawa, kaɗan, kuma in an yi gyaran ina cire shi daga cikin kuɗin aiki. Da farko an guje ni. Yanzu waɗanda aka ƙona wa waya a wani wuri su ne suke turo min mutane.

Shugaban Zaure: Jama'a, a bar maganar kasuwa zuwa anjima, yaro yana tsaye da waya a buɗe. A ci gaba da shi.

Yaron Shago: Na gode, Shugaba. To yanzu ta ina zan gano inda shot ɗin yake?

Anti Mai Gyara: Ka fara da rage masu laifi. Cire duk abin da ke cirewa: fileks ɗin sikirin, babban fileks mai zuwa ƙaramin fanel na ƙasa, kyamarori, wayar eriya. Ka fito da injin shi kaɗai tsirara, ka sake ba shi wuta. In shan wutar ya tsaya, to laifin yana cikin abin da ka cire, sai ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama ɓarawon. In bai tsaya ba, yana jikin injin.

Yaron Shago: Na cire duka. Har yanzu yana sha.

Injiniyan Samaru: To cire fawa saflai, ɗauko mita, ka juya ta wajen alamar diyod. Jan tsinke a kan giraun, wato kowane ƙarfen rufi ko ramin noti mai ruwan zinare, baƙin tsinke a kan fosit na mazaunin batir. E, a juye ake yi, ba kuskure na yi ba. Layi mai lafiya yakan ba ka wani abu kamar 0.3 zuwa 0.6. In ka ga kusan sifili, layin ya haɗe da giraun. In ka ga OL, layin a yanke yake. Abu ɗaya da za ka riƙe: a wayoyi da yawa wutar batir tana bi ta aisin caji kafin ta zama babban layin da ke ciyar da sauran sassa. Shot yana iya zama a wancan layi na biyu, ka auna bakin batir ka ga kamar lafiya. Shi ya sa ba a dogara da awo ɗaya.

Yaron Shago: 0.006 ta nuna.

Injiniyan Samaru: Madalla, a layin batir ɗin kansa yake. Yanzu a kan wannan layin akwai kafasitoci da yawa, waɗannan ƙananan masu ruwan ƙasa-ƙasa. Duk a jere suke tsakanin layin da giraun, don haka in ɗaya ya fashe a ciki, kowanne ka auna zai yi maka ƙara kamar shi ne. Mita ba za ta nuna maka mai laifin ba. Zafi ne zai tona shi, domin duk wutar da ke zurarewa ta cikinsa take bi.

Bakano: Kyamarar zafi ce maganin wannan. Daƙiƙa biyar ka gan shi yana ja.

Baban Gyara: Yaron da ogansa ya bar shi da bulowa ɗaya kake wa zancen kyamarar zafi? Ɗana, kuna da rozin, wannan ƙaron mai kama da alewa da ake sa wa bakin ayan, ƙarfen narka dalma?

Yaron Shago: Akwai, Baba.

Baban Gyara: To ka narka shi a bakin ayan, ka riƙa kai hayaƙin kusa da injin har wurin ya yi fari kamar hazon hunturu ya sauka a kai. Kada ayan ya taɓa komai, hayaƙin kawai muke so. Sannan ka rage fawa saflai zuwa bolt 1 ko 1.5, ka ba layin wuta na ɗan lokaci kana kallo da gilashin ƙara girma. Inda farin ya fara narkewa ya koma kamar ruwa, shi ne. In babu rozin, ɗigon sipirit ma yana yi, inda ya riga bushewa nan ne zafi yake. Mu a dā da leɓe muke ji, amma ban ce ka yi ba.

Rufin ƙarfen da ke kan injin, wanda ke ɓallewa da hantsaki ka ɓalle. Wanda aka like da dalma kada ka taɓa shi tukuna. Ka fara jin wane rufi ne yake ɗumi, don kada ka yaye wa wanda ba ruwansa riga.

Yaron Shago: Baba! Na gan shi! Ba ma kusa da aisin fawa yake ba. Yana can gefe wajen kayan netwok, kusa da inda wayar eriya ke shiga. Wani ɗan mitsitsin kafasita, farin ya narke a kansa nan take. Da na duba da gilashi gefensa ɗaya ya yi baƙi-baƙi.

Anti Mai Gyara: Ɗan Kwangila, kana nan? Da yanzu an gasa aisin fawa, bawan Allah, ba shi da laifin komai.

Ɗan Kwangila: Ina nan, Anti. Na gani. Ba kullum ake kwana a gado ba.

Injiniyan Samaru: Wurin ya yi ma'ana. Aisin da ke ƙara wa siginar waya ƙarfi yana cikin masu shan wuta sosai, kuma a wayoyi da yawa kai tsaye daga babban layi yake sha, shi ya sa ake jera masa kafasitoci a ƙofa. Ka cire wannan ɗin. Tunda ƙarami ne kuma a fili yake, ba sai da bulowa ba. Ɗiga fes, ka ɗauko 'yar dalma a bakin ayan yadda za ta taɓa ƙafafunsa biyu lokaci ɗaya, ka ture shi a hankali. Kada ka ɓanɓare da ƙarfi, za ka taho da layin da ke ƙarƙashi. Bayan nan ka tabbatar dalma ba ta haɗa mazaunan biyu ba, ka goge, ka sake awo.

Yaron Shago: Ya fita. Hannuna har rawa yake. Mita yanzu 0.41. Na sa fawa saflai a 4.0, sifili take nunawa. Na mayar da sikirin na danna maɓalli, lambar ta fara hawa tana sauka, 0.08, 0.2, ta haura 0.5, sai ga tambarin wayar ya fito! Allahu akbar!

Baban Gyara: Barka, ɗana. Wannan hawa da saukar da ka gani, numfashin waya ke nan. Ka riƙa kallonsa a kan wayoyi masu lafiya har idonka ya saba. Wata rana za ka ga ta tsaya cak a wata 'yar lamba ba ta motsi, ka san ƙwaƙwalwa ba ta samu abin da take nema ba, tun kafin ka ɗauki mita.

Anti Mai Gyara: Kafin murna ta yi yawa: kira Hajiya yanzu ta zo. Kada ka tambaye ta lambar sirri a waya, ta zo ta buɗe da hannunta, a kwashe hotuna da lissafin zuwa wani wuri tana tsaye. Wayar da ta mutu sau ɗaya ba a ba ta amana. Kuma ina faɗa wa duk yaran da ke zauren nan, wayar mace ba wajen yawon ido ba ce. Rabin matan da ke zuwa wajena ba don na fi kowa iyawa ba ne, don sun san ba za a shiga hotunansu ba ne.

Yaron Shago: Na kira ta, tana hanya daga Ƙofar Doka. Batirin kuma na ɗan taɓa shi da fawa saflai kamar yadda oga ke yi, ya dawo 3.6. Amma ga wata sabuwa. Na haɗa komai, wayar tana kunnuwa da batirinta, sai dai in na sa caja ba ta caji ko kaɗan.

Ɗan Kwangila: Wannan kam bakin caji ne. Kafin ka canza, sa tsinken sakace ka yashe shi. Ƙuran Zariya da audugan aljihu suna taruwa a ciki su daskare, kan caja ya kasa kaiwa ƙarshe. Wallahi da hunturu rabin masu zuwa min da "ba ya caji" tsinke ne maganinsu. Katako fa, ba allura ba.

Anti Mai Gyara: Nan na ba ka gaskiya ɗari bisa ɗari.

Injiniyan Samaru: In yashewar ba ta yi ba, ka bi wutar kamar mai bin bututun ruwa. Caja tana ba da bolt 5. Ka auna a ƙaramin fanel na ƙasa, bayan bakin cajin, ka ga ko 5 ɗin ta shigo. In ta shigo, ka auna a ɗaya ƙarshen babban fileks, inda yake hawa injin. Inda ta ɓace, nan ne aikinka. Kuma in bakin irin USB-C ne, ka gwada da tsohuwar caja mai faffaɗan kai da kuma mai C a kai biyu. Ita mai C da C ba ta sakin wuta sai ta ji juriyar 5.1k a kan wasu ƙafafu na bakin cajin wayar da ake kira CC, don haka in waɗannan ƙafafun sun lalace, za ka ga wata caja tana yi wata ba ta yi, mutum ya yi ta zargin caja.

Yaron Shago: Akwai 5 a fanel na ƙasa, babu a sama. Na zare fileks ɗin na duba mazauninsa da gilashi. Ƙafafu biyu na gefe sun yi kore kamar gansakuka, ɗaya ma ta cinye. Sai yanzu kuma na lura da wata 'yar farar takarda a jikin firem, ta koma ja-ja.

Baban Gyara: Ruwa. Tun ɗazu nake jiran wannan.

Bakano: "Na sa ta a caji lafiya lau." Wallahi da za a tara masu wannan maganar, sai sun cika filin idi.

Yaron Shago: Hajiya ta iso, mun kwashe kayanta, har da hawayenta. Na nuna mata koren. Sai ta ce ai kwana huɗu da suka wuce jikanta ya jefa wayar a bahon wanke-wanke, amma an ciro nan take, ta binne ta a buhun shinkafa ta kwana, washegari ta ci gaba da aiki, shi ya sa ba ta ga abin faɗa ba.

Anti Mai Gyara: Allah sarki, ba ƙarya ta yi niyya ba, a ganinta wancan ya wuce. Shinkafar nan ta kashe wayoyi fiye da ruwan kansa, don tana sa mutum ya saki jiki. Ba ta zuƙo ruwan da ya shige ƙarƙashin rufin ƙarfe. Har kamfanin Apple sai da ya rubuta wa masu iPhone cewa kada su sa ta a shinkafa. Ruwan wanke-wanke kuma ga sabulu ga gishirin miya. Muddin batir yana haɗe, wuta tana bi ta cikin laimar tana cin ƙarfe a hankali, in aka sa caji abin ya ƙara sauri. Shi ya sa ƙafar da ke ɗauke da bolt 5 ce ta fara cinyewa. Da ranar ta kawo aka cire batir aka wanke, da ba a kai ga haka ba.

Ƙanena, darasinka a nan: tambaya. Ni ba na cewa "ta faɗa ruwa?" don kowa a'a zai ce. Cewa nake, "yara suna wasa da ita?" ko "ana shiga kicin da ita?" Daga nan labari yake fitowa.

Injiniyan Samaru: Tunda ruwa ne, aikin bai ƙare ba. Ka sake fito da injin ka wanke da sipirit mai ƙarfi, irin 99 ɗin nan, da burushi mai laushi, musamman gefen da kafasitan ya mutu. Ba fetur ba, ba tina ba, suna cin roba da gam, kuma kada ya taɓa kyamara ko sikirin. Fanel na ƙasa da fileks ɗin a canza su gaba ɗaya, sun fi arha a kan wahalar jamfa, wato haɗa layin da ya yanke da siririyar waya. Ni kuma da ni ne, zan samo kafasita irinsa daga mataccen inji in mayar. Ba don ado aka sa shi ba, yana tace wutar da ke shiga kayan netwok.

Baban Gyara: A nan na saɓa da kai, Injiniya. Akwai 'yan'uwansa a kan layin, za su riƙe. Yaron da yau ne ya fara cire kafasita, ka ce ya mayar da abin da bai kai ƙwayar gero ba, a gefen aisin netwok? Ya bar shi haka. Ya sa sim ya yi kira, ya kunna data ya gani. In sabis bai yi rawa ba, a rufe.

Injiniyan Samaru: A cikin gari ba zai yi rawa ba, Baba. Sai ta je ƙauye inda sabis ke da rauni, wayar ta buɗe ƙarfinta duka.

Baban Gyara: To in oga ya dawo shi ya mayar. Ba yaron ba.

Ɗan Kwangila: Ni tambayana ɗaya. Nawa za ka caje ta? Tun azahar kake kan waya ɗaya, ga la'asar ta wuce.

Yaron Shago: Na ce mata sai oga ya dawo ya yanke. Ta ce ko nawa ne. Na samo fanel na ƙasa da fileks a wajen maƙwabcinmu, na sa, tana caji yanzu, kira ma yana shiga. Na mayar da murfin injin na ɗaure. Sai dai Anti, kada ki yi faɗa. Ɗazu da na ga tambari ya fito, garin murna gwiwar hannuna ta ture takardar notukan, suka haɗe. Na ɗaure yadda na ga dama, yanzu guda ɗaya ya rage a hannuna, gajere ne, ramin da ya rage kuma kamar na dogo ne.

Anti Mai Gyara: Wato dogon yana cikin ramin gajere. Kada ka sa gam a murfin baya. In ramin nan a kan injin yake, dogon noti yana iya huda layukan da ke cikin fanel, ko ya turo sikirin daga baya. Ka ɗaure shi da ƙarfi?

Yaron Shago: Ban matse sosai ba. Ina ji.

Baban Gyara: Kashe ta. Kwance su duka, ka jera su a kan tebur ka gwada tsayinsu ɗaya bayan ɗaya. Ka ce wa Hajiya ta je ta yi magariba ta dawo.